Tsakuwar da Na Dafa

Har yau ban manta da ranar da Malam Sanda ya dawo daga rangadin Kebbe ya tarar da ɓarnar da na yi masa ba. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kuna cewa Baba Umaru ya san aiki. To, ku saurara.

Shekaru kaɗan ne bayan samun mulkin kai, ina ƙaramin duba-gari a ƙarƙashin En'e, hukumar gargajiya ta lokacin, a Tambuwal. Aikinmu shiga gida-gida, mu leƙa randa da kwata da masai. Randar da muka ga tsutsar sauro a ciki, a tuntsurar da ruwan. In an sake, a fasa ta. Ni kuwa na yi suna wajen fasawa. Mata na jin takalmina a zaure sai su hau ɓoye tukwane, kuma Allah ya sani abin yana yi mini daɗi.

Malam Sanda shi ne babban duba-gari, shugabana. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne Fakku, inda kududdufai ke kewaye gari da damina, zazzaɓi ya yi ta ɗaukar yara. Ya daɗe yana rubuta takardu kafin a aiko masa daga nesa da wasu ƙananan kifaye masu cin tsutsar sauro, ba su fi ɗan yatsa ba. Niyyarsa ya rene su a akwatin gilashi a gidansa, su hayayyafa, ya zuba su a kududdufan kafin ruwa ya sauka. Har ya yi wa hakimi alkawari a gaban jama'a.

Tare da kifin aka aiko da gwangwani guda na tsakuwa mai yauƙi, mai ƙarni. Ya zuba ta a gindin akwatin yana lallaɓa ta kamar ƙwai. Ya yi mini bayani cewa kashin kifi guba yake zama a sabon ruwa, kuma a jikin yauƙin nan akwai wasu halittu da ido ba ya gani, su ke cinye gubar. Sai sun yi makonni kafin su yawaita. Kafin nan ruwan zai gurɓace, a ƙyale shi. Abin da ake yi kawai, a ɗebe kofi uku kullum, a mayar da ruwan da ya kwana a randa. Na ce to. A zuciyata kuwa na ce karatu ya fara taɓa Malam.

Ya tafi rangadi na kwana goma ya bar mini mabuɗin ɗakin. Kwana uku na bi umarni. A na huɗu ruwan ya yi fari kamar an wanke gero, gilashin ya fara kore. Ina tsaye ina kallonsa sai ga Tanko, mai kawo ruwa gidan, wanda na taɓa zubar masa da garwa biyu a bakin kasuwa. Ya leƙo, ya yi murmushi.

"Malam Ummaru, ashe haka kuka aje ruwa gidan manya? Da randar tsohuwata ta, da tuni kun hwashe ta."

Maganar ta soke ni. Ranar ko abincin rana ban ci ba. Na kwashe kifin na zuba a kwano, na wanke akwatin da sabulu da toka har yana ƙyalli. Tsakuwar nan na zuba ta a tukunya na dafa, yadda aka koya mana da kayan asibiti. Na cika akwatin da ruwan rijiyar da ni da hannuna na zuba wa hodar kashe ƙwayoyin cuta da safe, na jefa ɗan alif don ya ƙara garai. Na kira Tanko ya zo ya gani. Ya ce lallai yanzu kam ko liman ya yi alwala da shi.

Kafin la'asar kifin sun taso sama suna haki, kuncinsu ya yi ja. Washegari na tsame matattu. Mai hankali da ya tsaya nan. Ni sai na ce saura datti ne, na sake wankewa. Kullum in wanke, kullum in tsame. Tsoro ya kama ni, amma ba abin da na iya a duniya sai wanki, don haka shi na ci gaba da yi. Ranar da Malam zai dawo, na ƙarshen ya kife.

Ya shigo ko rigar tafiya bai tuɓe ba. Ya dubi ruwan, ya sa hannu ya ɗebo tsakuwa ya murza, ya ji ta ƙarau. Ya juyo ya dube ni.

"Ummaru, mi kay yi ma tsakuwag ga?"

"Dahwa ta niy yi, ranka shi daɗe."

"Na hwaɗa maka ka bar ta."

"Ƙazanta ta, Malam."

"Ita ad da rai cikin ɗakin ga," in ji shi. Ya karɓi mabuɗinsa.

Bai zage ni ba, bai kai ƙarata ba. Da ya yi, da na fi samun sauƙi. Ya sake rubuta takarda, amsa ba ta zo ba. Da kansa ya je Fakku ya gaya wa hakimi kifin sun mutu a hannunsa, bai ambaci sunana ba. Bayan damina aka yi masa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi kuma ya mayar da akwatin ma'ajiyar takardu.

Daminar nan ni aka tura Fakku. Ban san ko kifin da sun hana abin da ya faru ba, kuma ba mai iya gaya mini. Na dai san na tsaya a jana'izar yara, wasu a gidajen da na fasa wa randa, ina jin kukan sauro daga kududdufin bayan gari.

Abin da na gane game da aikinmu ke nan: an koya mana kashewa da wankewa, ba a koya mana tsayawa mu tambayi abin da ke raye a wuri ba. Kuma mun fi tsoron dariyar mai garwa a kan umarnin wanda ya fi mu sani. Na yi shekaru ina gaya wa sababbin ma'aikata wannan, suna cewa to, irin to ɗin da na ce wa Malam Sanda.