Wayar Malam Ta Yi Ƙaura

Ku da kuka san Malam, baban Hauwa, kun san abin da ya daina yi a ƙarshen rayuwarsa: faɗin sunan garinsa. Ka tare shi a kasuwar Bagwai ka ce, "Baba, daga ina?" sai ya gyara zaman buhu a kafaɗa ya ce, "Me ka ji an ce?" Direban mota ya tambaye shi inda zai sauka, sai ya ce, "Ja mu je, in na hango kukarmu zan yi magana." Wallahi har likita ya yi wa haka, ina zaune a gefe kamar in nutse don kunya.

Da ba haka yake ba. Masu injin ban-ruwa ne suka ɓata mini shi.

Kun san lambun albasarsa na bakin rafi. Tun ina amarya da guga yake ba shi ruwa, har bayansa ya lanƙwashe. Sai ga wani kamfani ya zo da inji mai aiki da hasken rana, a ba ka, ka riƙa biya sannu a hankali. Alhaji Ɗanlami, abokin wasansa na Tsallake, ya samu. Tsallake ɗin nan fa rafi ne kawai ya raba mu, in zakaransu ya yi cara namu ne ke amsawa. Malam ya saka babbar rigarsa ya je, aka ce masa a'a.

Bai yi gardama a can ba. Jawo ma'aikacin kamfanin ya yi har zaurenmu, ya ƙwala mini kira. "Uwar Hauwa, fito ki ji da kunnenki, kada ki ce na ƙara gishiri!"

Bawan Allah ya durƙusa ya gaishe ni, ya nuna mana wata waya mai faɗin faifai. Ya ce, "Inna, ba ni ba ne, na'ura ce. Ga ƙasar nan an zana. Tsallake kore ne. Garinku ja ne."

Malam ya ce, "Ja? Barkono ne mu?"

"Baba, ana duba katin da mutanen gari ke sa wa waya, da yawan rufin kwanon da ake hangowa daga sama, da yadda waɗanda suka karɓi kaya a baya suka yi. Sai a haɗa a ba garin launi."

"To ni me na yi?"

"Kai ba a duba ka ba, Baba. Garin aka duba."

"Garin ne zai ɗauki guga?"

Ni kuwa da na ji zancen kati sai na kalli Malam, don mutumin nan tun da ya mallaki waya bai taɓa kiran kowa ba, filashin kawai. Katin da ɗanmu Sani ya turo masa da ƙaramar Salla sai ya kai babba bai girgiza ba. Na ce, "Malam, anya ba kai ka jawo wa garin nan jan ba?" Ya ce in koma ciki, tuwo na ƙonewa. Ban ma ɗora tukunya ba.

Daga ranar ya shiga yaƙi da sama. Tunda kwano ake ƙirgawa, kwano za a gani. Ya bi gari yana tsintar tsofaffin kwanuka masu tsatsa, ya shimfiɗa a kan soronmu na ƙasa mai sanyi, ya danne da duwatsu. Ya ɗora wa rumbu. Ya ɗora wa garken awaki. Har makewayi sai da ya samu nasa. Da hantsi sai ya fito tsakar gida ya ɗaga kai ya ce, "To ɗauka! Ɗauka da kyau!" Na ce, "Da wa kake magana?" Ya ce, "Da mai leƙen." Iskar farkon damina ta zo ta yaye na kan rumbun, ta yi sama da shi, ba ta sauke shi ko'ina ba sai a gonar Alhaji Ɗanlami. Alhaji ya turo a ce masa an gode, garinsu ya ƙara kore. Malam ya ƙi cin abinci ranar.

Sani ya zo daga Kano ya ce, "Baba, a bar wahalar nan. Unguwar da nake ba ta da matsala, in karɓa da sunana in kawo maka."

Kai, ranar na ga ɓacin rai! Ya ce, "In ari sunan unguwar wani in sha ruwan rafin ubana? Ni za su ba, da sunana, ko su riƙe abinsu."

Na ce alhamdulillahi, mutum mai gaskiya. Ashe ban ga komai ba.

Ya koma wurin ma'aikacin ya tambaye shi, wai ta yaya na'ura ke sanin garin mutum, tunda shi ya daina faɗa? Aka ce masa inda wayar mutum take kwana, nan ne garinsa. Shi ke nan! Yana da yaya a Tsallake, Yaya Abu. Kullum bayan la'asar sai ya naɗe wayar a cikin tsohuwar hula, ya tattare wando, ya tsallaka rafi ya kai mata. Da safe ya je ya ɗauko, har da tambayar ta kwana lafiya.

Na ce, "Malam, kai da ka hana Sani? Wannan ba ƙarya ba ce?"

Ya ce, "Ina ƙaryar? Na buɗe baki na ce wani abu? Wayar ce ta yi ƙaura. Ni ga ni nan a gabanki."

"To in wani abu ya same mu ba waya a gida fa?"

"Da can da babu ita me ya same mu?"

Kun san mutanenmu. Aka yi masa dariya, aka raɗa masa Na-Tsallake, sannan aka bi sahunsa ɗaya bayan ɗaya. Kafin kaka, da yamma sai ka ga dattawan garin nan a jere cikin rafi, kowa da ƙunshinsa, kamar masu kai lefe. Yaya Abu ta ware wa wayoyin tukunya guda. Ta zo ta same ni idonta jajur. Ta ce, "Ki ja wa mijinki kunne. Da asuba wannan ta yi kiran salla, wannan ta yi kukan jariri, wata kuma wa'azi take fara mini tun ban yi alwala ba. Gidana ya zama ɗakin kwanan aljanu!"

Da rani ya kama, Malam ya sake saka babbar riga ya je jin sakamako. Ya dawo ya zauna a bakin ƙofa bai cire takalmi ba.

Na ce, "Mun yi kore?"

Ya ce, "Mun yi fari."

"Fari kuma me ke nan?"

"Wai ba kowa a garin. An watse."

Na ce, "La ilaha illallahu! To wa ke daka da safe? Wa ke haihuwar yaran nan da suka hana ni barcin rana?"

Ya ce ya tambaya, an ce na'ura ba ta jin daka. Shi kuwa sunansa, wai bai daɗe da tarewa a Tsallake ba, a ƙara haƙuri ana lura da shi. Sauran dattawa kowa ya je ya kwaso wayarsa yana tsine wa shawarar. Malam ya ce shi tasa ba inda za ta, ta riga ta saba da can. Ya ɗauki gugansa ya nufi lambu. Na bi bayansa da kallo, yana tafe yana dafa ƙugu, ina faɗa ina faɗa, ban san lokacin da faɗan ya koma hawaye ba.

A lambun aka same shi wata safiya, zaune ya jingina da bakin rijiya, rai ya yi halinsa, ya shayar da rabin albasar, gugan na gefensa da sauran ruwa. Maƙabartarmu kun san ɗaya ce da ta mutanen Tsallake, kuma a ɓangarensu take. Aka tsallaka da shi rafin da ya yi ta tsallakawa.

Wayar Malam kuwa, kowa ya manta da ita a tukunyar Yaya Abu. Sai bayan sadakar arba'in ta shigo mini da ita a hannu tana ruri. Na ɗauka, muryar wata mace ce mai ladabi. Ta ce tana taya Malam murna, an tabbatar mazaunin Tsallake ne, ya zo ya karɓi injinsa.

Na ce, "'Yar nan, ki gaya wa na'urarku yau ta faɗi gaskiya. Ya tare. Ba zai dawo ba."

Ta yi mini ta'aziyya. Ta ce iyali na iya karɓa. Na ce to, a rubuta sunansa da sunan garinmu. Ta ce hakan ba zai shiga ba. Na ce to a bar shi. Sani ya ce, "Inna, ke ma kin zama shi." Wataƙila. Albasar dai maƙwabta suka ƙarasa shayarwa da guga, ta kuma yi kyau, abin haushi.

Wayar na dawo da ita gida. A ƙarƙashin matashina take kwana, cikin hularsa, ko mai leƙen zai gane akwai sauran mutum ɗaya a garin nan.

Ya Allah, Kai ba Ka tambayar bawa garinsu, shi kaɗai Kake dubawa. Ka duba Malam shi kaɗai, da gugansa da taurin kansa. Ka miƙar masa da bayan nan, Ka ba shi lambun da ruwa ke zuwa da kansa. In lokacina ya yi, Ka sa a tsallaka da ni kusa da shi, ina da sauran faɗan da ban gama ba. Amin.