Yadda Baba Ya Rabar da Maganin Idonsa

Ko zan manta komai a duniya, ban da makon da aka yi wa Baba aikin ido. Har yau in na tuna sai raina ya sake ɓaci.

Ido ɗaya ya rage masa. Na hagu ya mutu tun muna yara, wani mai yawon magani ya ture masa yanar ido da allura a kasuwar Danja. Da yanar ta rufe na daman, shekara biyu ina lallashi kafin ya yarda na ɗauko shi daga Tsiga zuwa Funtuwa. Likitar ido, wata mata mai haƙuri, ta ce ai yanzu aikin ya sami ci gaba, za a ɗan tsaga kaɗan, a cire yanar, a dasa ɗan gilashi a gurbinta, washegari a koma gida. Haka kuwa aka yi. Da aka kwance bandeji ya dube ni ya ce, "Ke, ashe har kin yi furfura!" Kuka na yi don murna.

Aka ba shi kwalbar maganin ɗigawa, sau huɗu a rana har wata guda. Na mai da shi gida, na koma bakin aikina.

Ran kwana shida na zo duba shi. Me zan gani? Dattawa ne jere a gindin darbejiya, kowa ya ɗaga kai sama, Baba na bin su ɗaya bayan ɗaya yana ɗiga musu. Nasa idon kuwa ja wur, sai hawaye yake yi. A gaban sa'o'insa ba ni da bakin magana, na haɗiye har muka shiga zaure.

"Baba, me kuke yi haka?"

"Dubiya suka zo. Mutum ya zo da ciwo irin naka, ga magani a aljihu, ka ce masa babu? Ni tun shekaranjiya na daina sawa don ya isa kowa."

Wallahi ji na yi kamar in zauna a ƙasa in yi ihu. Shekara biyu ina fama, shi ya rushe ta a kwana uku, kuma don kunya!

A ranar muka koma Funtuwa. Likita ta duba, sannan ta ce, "Baba, ido ɗaya gare ku, shi kuka yi sadaka da shi?" Ta ce bakin kwalbar ya taɓa idon kowa ya dawo nasa, ciwo ya fara shiga. Maganin ma yana iya cutar da mai hawan jinin ido.

Baba bai ji ya yi laifi ba. "To ni in ga haske, su su zauna a duhu?"

"Ku kawo mini su," in ji ta.

Mota guda ya ciko da su. Aka gano ɗaya yana da hawan jinin ido, aka tare ciwon da wuri. Idon Baba ya tsira, amma hasken da ya ga furfurata da shi bai dawo duka ba, yanzu sai na matso yake gane ni.

Abin da na koya shi ne, alheri ma sai da sani. In kana tausayin mai ciwon ido, kama hannunsa ka kai shi wurin likita, kada ka ba shi kwalbarka.