Maigida Nababa, Mai Fara Sauka Rijiya

Ranar Talata, 14 ga Mayu 2024, daidai da 6 ga Zulƙida, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Nababa mai haƙa rijiya, a ƙauyen Tsamiyar Kuka ta ƙasar Bagwai. Mai shi Ya karɓi abinSa, ba mu da ja. Ni Yahya, shekara goma sha tara ina riƙe masa igiya, kuma ni na jawo gawarsa da hannuna. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne an aiko mana cewa ranar Asabar mu koma ramin da ya rasu a ciki, a ƙarƙashin mutumin da ya jawo abin.

Maigida, kai ne shugabanmu mu bakwai, amma ban taɓa ganin safiyar da wani ya riga ka sauka ba. Kafin ka sauka sai ka kunna fitilar ƙwai, ka ɗaure ta a siririn igiya, ka zura ta har ƙasa. In harshenta ya tsaya, sai ka yi bisimilla ka bi ta. In ta mutu, ranar babu mai shiga, ko da mai rijiya zai yi birgima a ƙasa. Na tuna wani attajiri a Shanono da ya ce mana ragwaye saboda haka. Ka miƙa masa igiya cikin ladabi ka ce, "Alhaji, bisimilla, ga hanya." Sai ya tuna yana da baƙi a gida.

Faɗa kuwa ka iya shi. Ka taɓa yi mini tas a gaban jama'a don na saki igiya da hannu ɗaya na karɓi goro. Kwana biyu ban yi maka magana ba. Amma da matata ta haihu a tsakiyar damina, kai ne ka kwaso yaran aiki kuka nome mini gero ba tare da na roƙa ba. In an kawo tuwo wurin aiki, sai wanda ya fito daga rami ya fara sa hannu, kai kana gefe kana duba ƙullin igiya.

Wannan ne mutumin da ɗan kwangilar rijiyar Tsamiyar Kuka ya kora, wai ya cika nawa. Ya kawo mana Kamaruddeen a matsayin oga. Oga! Mutumin da bai san nauyin diga ba, farar shadda, takalmi sau ciki, waya a kunne tun safe, in ya leƙa rami sai ya dafe hularsa kada ta faɗa. Duk iliminsa na aikin bai wuce kalma biyu ba: "Ku yi sauri." Da ya ga fitilarka sai ya yi dariya, ya ce an wuce zamanin camfi. Mu ma da laifinmu, ba zan ɓoye ba. Muna da iyali, muka sunkuyar da kai muka ci gaba da aiki, kai kuma ka koma gida.

Ruwa ya fara tsattsafowa yana hana haƙa. Kai da guga kake sa a kwashe, komai daɗewa. Shi kuwa gwanin zamani sai ya sa aka zura injin ban-ruwa har cikin ramin, aka tayar da shi a can ƙasa, yana ta aman hayaƙi. Da injin ya mutu ya ce Usaini, ɗaya daga cikinmu, ya sauka ya duba. Usaini ya sauka, muka ji ya yi tari sau biyu, daga nan shiru. Muka yi ta kira. Kamaruddeen ya ja da baya yana danna waya, wai yana neman taimako. Ni ma ban sauka ba, Allah Ya yafe mini.

Wata mata da ta zo wucewa ce ta ruga gidanka. Ka iso babu hula, ka jiƙa rawani ka ɗaure hanci, ba ka kalli kowa ba sai ni. Ka ce, "Yahya, hannu biyu." Ka sauka ka ɗaura wa Usaini igiyar da ke ƙugunka, ka girgiza ta, muka jawo shi da sauran numfashi. Da muka sake zura ta, babu wanda ya kama. Sai da hayaƙin ya fice aka sauka aka ɗaura maka igiya, na jawo gawarka.

Ranar sadakar uku suka zo da motarsu da ƙamshin turarensu. Ɗan kwangila ya zauna a kan tabarmar gaba yana cewa an yi rashin gwarzo, kamar ba shi ya kore ka ba. Kamaruddeen har da share ido. Ya ce da ni, "Malam Yahya, kwana ne ya ƙare." Na sani kwana ne ya ƙare, na yi imani da haka tun kafin a haife shi. Amma ba mala'ika ne ya zura inji a rami ba, kuma wanda ya fake da ƙaddara don kada a tambaye shi, ni ban ga abin girmamawa a jikinsa ba.

Allah Ya jiƙanka, Maigida. Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata shi, Ya karɓi mutuwarka a matsayin shahada, Ya shayar da kai daga tafkin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kamar yadda ka shayar da garuruwa. Iyalan Maigida, Inna Hure, Naziru, Tahira da Ikilima, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku. Usaini, da har yanzu ba ya iya haɗa ido da su, Allah Ya sanyaya masa zuciya.

Game da Asabar kuwa, mun zauna mu shida mun gama magana. Babu ɗayanmu da zai sake sauka a bayan wanda bai taɓa sauka ba. In Kamaruddeen yana son a ƙarasa rijiyar, ya tuɓe shaddarsa ya fara shiga. Ni zan riƙe masa igiya, kuma duk da abin da ke raina, wallahi ba zan sake ta ba.