Lungun da Ban Auna Ba

Na yi haya a garuruwa da yawa, kuma kowane gari da abin da ya koya mini. A Kano na koyi tambayar ruwa kafin kuɗin ɗaki. A Abijan na koyi zuwa ganin gida ranar Lahadi, don in ji irin maƙwabtan da zan yi. A Jidda kuwa taga nake fara dubawa. Saboda haka da magada suka sayar da gidan da muka daɗe a ciki a unguwar Kokomlemle ta birnin Accra, na ce wa matata, Hajiya, ta bar mini neman wani.

Dillali ya kai ni unguwar Mamobi, ciki da falo. Na yi bincike har ya gaji da ni. Na kankare gindin bango da farce, in ga ko fenti ne ya rufe shaidar ambaliya, don babbar kwata ba ta da nisa. Na tambayi ɗaki nawa ne a kan mitar wuta. Na ce a nuna mini bayi, ga shi a cikin gida, abin da ba ko'ina ake samu ba a nan. Na nemi ganin mai gidan da kanta, wata tsohuwa, na tambaye ta ko wani ɗan'uwa zai zo gobe ya ce ɗakin rabonsa ne. Ta ce babu. Na biya na shekara biyu, kamar yadda ake yi a Accra.

Sau uku na bi lungun da ya taso daga titi zuwa gidan. Ni siriri ne, kuma da ƙafata nake tafe. A kwanar da wani ya fito da ɗakin girkinsa ya ci hanya, karkata kafaɗa nake yi in wuce, ban ma san ina yi ba.

Ranar da muka tare, gadonmu ya ƙi wucewa, sai da kafinta ya kwance shi. Kowa ya yi dariya, ban da Hajiya.

Bayan wata biyar, da hantsi, ta faɗi tana alwala, ɓarin jikinta ya shanye. Tasi ta tsaya a titi. Maƙwabta suka ɗora ta a benci, da aka zo kwanar benci ya ƙi juyawa. Aka sauke ta, aka sa ta a bargo, ana miƙa ta hannu da hannu. Ɗankwalinta ya faɗi a hanya, mutane na kallo. A asibiti likita ya tambayi lokacin da abin ya fara. Da na faɗa masa sai ya dubi agogo.

Ta dawo gida ba ta tafiya. Keken guragun da 'yarmu ta saya mata ya fi kwanar faɗi da yatsa huɗu, yana nan ajiye a rumfar mai goro a bakin titi. Duk ranar asibiti sai an tara maza huɗu. Sau biyu aka yi, ta ce ta haƙura da asibitin.

Na tambayi tsohuwa yadda suke fitar da gawa. Ta ce ta katangar maƙwabta ake ɗagawa, haka aka yi da wanda ya riga mu zama a ɗakin.

"Ai ba ka tambaya ba, Alhaji," in ji ta.

Na ɓoye wa Hajiya, amma matan gidan sun gaya mata. Da harshenta da ya yi nauyi ta ce, "Alhaji, ka fitar da ni daga nan da raina. Ba na so a haura da ni katanga."

Na yanke sanda daidai faɗin keken. Yanzu haka nake bin lungunan Nima, unguwar da ke kusa da mu, da ita a gicciye, dillalai na yi mini ba'a wai na koma tela. Ɗaki biyu kaɗai sandar ta kai ƙofarsu, duka babu bayi a gida.

Tsohuwa ta ce sai an sami wanda zai gaje mu za ta mayar mini da abin da ya rage na kuɗin haya, ni kuwa da shi zan kama wani wurin. Jiya wani ya zo, matarsa da tsohon ciki. Ya duba bango, ya duba mita, ya ga bayi ya ji daɗi. Hajiya na kallona daga gado. Na raka shi har kwanar, na daɗe a tsaye, sannan na miƙa masa sandar na ce ya gwada.

Bai dawo ba. Da na gaya wa Hajiya, ta ce na yi daidai, ta juya fuskarta ga bango.