Fuskar da Aka Juya wa Bango

Manyan dauloli yaƙi ne ke cinye su, amma tarihin ƙananan gidaje irin namu rima, wato danshin bango, ce ke gamawa da shi, kuma ba ta buƙatar ko soja ɗaya. Har yau idan ruwan farko ya sauka a Yamai, bango ya fara wannan wari na tsohon tsumma, falonmu na unguwar Yantala nake tunawa.

A can aka rataye tabalon mahaifina, wato zanen fenti a kan ƙyalle mai kauri, wanda wani ɗan Togo ya yi masa lokacin yana akawu a unguwar Plateau. Ina ƙarami ƙwarai ya rasu. Abin da na sani na fuskarsa, a jikin ƙyallen nan na koya: goshi mai faɗi, da ido ɗaya da ya ɗan fi ɗaya lumshewa, kamar mai sauraron ƙarya cikin ladabi.

Da Baffa, yayan mahaifina, ya karɓi ragamar gidan, ya ce mala'iku ba sa shiga ɗaki mai hoto. Ya tara na takarda ya ƙone a murhu. Da ya kai hannu ga tabalon, Inna, mahaifiyata, ta tsaya a gabansa.

"Yaya, wannan kam sai dai ka haɗa da ni."

"Ke kuwa wa zai ƙone ki? Itace ya yi tsada."

Aka yi sulhu irin na manya, wanda kowa ke cewa shi ya ci. Ba za a ƙone ba, za a juya fuskar ga bango. Gidanmu kuwa kusa da kogi yake, bangon nan kowace damina sai ya sha ruwa har kafaɗar mutum. Na girma ina gaida bayan ƙyalle da ƙusoshi. Inna takan share masa ƙura ranar jajibirin Salla, amma ba ta taɓa juyo shi ba, don ta ba da magana.

Bara, bayan rasuwarta, na juyo shi. Hunhuna ta yi masa gemu fari, fentin ya kumbura yana ɓarewa kamar ƙanzon tuwo.

Na kai wa wata mata da ta koyi gyaran irin wannan zane a ƙasar waje. Ta hana ni ko hura masa iska. Ta kwantar da shi a inuwa ya bushe a hankali, ta ɗauke hunhunar da burushi mai laushi, ta lulluɓe wuraren da ke ɓarewa da takarda shara-shara, ta zura gam mai ɗumi a ƙarƙashin kowane ɓawo tana dannawa. Daga baya ta manna masa sabon ƙyalle ta baya. Aiki ne na mai haƙuri, ban ga laifinsa ba. Babbar rigar ta dawo da shuɗinta, har aikin wuyan ana ƙirga zarensa. Alƙalamin aljihu ma ya fito yana ƙyalli.

Amma fuskar ita ta fi manne wa bango, don ƙyallen ya yi ciki a tsakiya. Babu abin da ya rage sai kunne ɗaya.

"Madam, ki zana mana. Zan kwatanta miki."

"Malam, in na zana, baban wani zan ba ka. Ni abin da ke nan nake riƙewa."

Na ce mata goshi mai faɗi, ido ɗaya a ɗan lumshe. Ta ce rabin mazan kasuwar Petit Marché ke nan. Na buɗe baki in ƙara, na tarar ni ma ba ni da sauran bayani. Ta cike wurin da fenti ruwan ƙasa, sumul.

Baffa yana nan da ransa, ya tsufa, ya yi laushi, har yakan yi hawaye in an ambaci ƙanensa. Ya zo ya daɗe yana kallon aikin, ya yaba rigar, ya roƙi in bar masa. Yanzu tabalon yana falonsa, yana kallon ƙofa. Ya ce tunda babu fuska, babu laifi.