Ranar da na lashi toka a tsibirin Fanya

Shekarun baya, dab da Turawa su miƙa mulki, ina saurayi a Tarai ta ƙasar Kibiya, abokina ya dawo daga yawon fatauci da wani labari a bakinsa. Wai akwai wani tsibiri bayan Kalaba, Fanando Fo, leburori na ce masa Fanya. Mutanenmu na kudu sun cika gonakin koko a can suna aiki, ga kuɗi a hannu, amma ƙasar ba ta yin wake, sai an kai musu daga ƙetare.

Mu kuwa a lokacin gyaɗa kaɗai muka sani ana fitarwa, ita ma yaran kamfani ne ke yanka mata farashi yadda suka ga dama. Wake sai dai a ci a gida, ragowar a kai kasuwar Rano a karyar. Da abokina ya gama zuba, dattawan unguwa suka ce to a gwada. Gida-gida aka fito da wake, mahaifiyata ma ta buɗe rumbunta ta kwashe nata kaf, irin shuka kawai ta bari. Aka ɗora mana amana, ni da shi.

Kafin a ɗinke buhunan, mahaifiyata ta yi abin da kowace mace a garinmu take yi. Ta tankaɗe tokar murhu, ta daka busasshen barkono, ta cuɗe waken da su don kada ƙwari su huda shi. Ko a mafarki babu wanda ya kawo cewa akwai ɗan Adam a duniya da bai san wannan ba.

Tafiyar ba sai na ba ku labari ba. Mota zuwa Kano, jirgin ƙasa har Fatakwal, sannan jirgin ruwa ta Kalaba. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce rafin bayan garinmu ba, na yi amai har na ji kamar hanjina zai fito. Abokina yana ta yi mini dariya, wai jarumin Tarai ya zama lagwani.

Da muka sauka, aka jibge kayanmu a bakin tasha. Wani Bature ɗan Sifaniya mai duba kayan abinci ya zo da wuƙa, ya farke buhu ɗaya. Farar ƙura ta tashi. Ya ja da baya yana toshe hanci da hankici, ya hau faɗa da yarensu. Akawunsa ya juya maganar zuwa Turancin buroka, abokina da yake ɗan tsinta ya juyo mini da Hausa, fuskarsa duk ta canza.

"Mutumina, mun shiga uku. Wai farar ƙurar nan irin maganin da suke fesa wa koko ce, guba ce. Wai za mu kashe musu leburori. Ya ce a zuba kayan a teku."

"A zuba me a teku?"

"Waken, duka."

Na ga leburori sun matso sun kama kunnen buhun farko. Mahaifiyata na gani a idona, a durƙushe cikin rumbu tana share ƙwayar ƙarshe da tafin hannu. Da wane ido zan koma Tarai in ce kifi ya cinye noman unguwa guda?

Na ce wa abokina ya gaya masa toka ce, tokar murhu. Ya faɗa. Bature ya girgiza kai, wai wane mahaukaci ne zai zuba toka a abinci. Nan zuciya ta ɗebe ni. Na ture leburorin nan, na cusa hannu a buhu, na dumbuzo tokar na watsa a baki.

Na manta da barkonon.

Jama'a, mahaifiyata ba ta wasa da barkono. Tari ya turnuƙe ni, hawaye da majina suka ɓalle, na duƙa ina riƙe da maƙogwaro. Bature ya yi tsalle gefe yana nuna ni da yatsa, wato ga shi nan, guba ta fara aiki. Abokina ya daka mini duka a baya yana cewa, "Kai don Allah daina tarin nan! Kashe mu za ka yi? Miƙe ka yi murmushi!" Na miƙe na washe baki, haƙora duk toka, ido jawur. Na tabbata ko ni na ga kaina a lokacin, da na ce a kira masu wankan gawa.

Wata mata 'yar Kalaba mai sayar da abinci a bakin tashar ita Allah ya turo mana. Ta ajiye ludayinta, ta ratso mutane, ta dangwali tokar da yatsa ta ɗanɗana. Sai ta fashe da dariya har tana dafa gwiwa. Ta yi wa akawu magana, ta ɗebi waken kwano guda ta wanke a gabansu. Waken ya fito fari tas, ba huda ko ɗaya. Sannan ta ja Bature zuwa wasu buhunan wake da aka sauke daga jirginmu, na wani ɗan kasuwa daban, ta sa aka buɗe. Ƙwari suka yi ta fitowa, rabin waken ya zama gari saboda zafi da damshin cikin jirgi.

Duk da haka Bature bai saki jiki ba. Ya ce in zauna a kan buhu a ga ko zan mutu. Na zauna. Matar ta ɗora waken a wuta, ta miƙo mini ruwa a gwangwani, abokina kuwa yana tsaye a kaina yana raɗa mini, "Ko atishawa ka yi, ba ni ba kai." Har waken ya nuna ban mutu ba. Akawu ya ci, leburori suka ci, a ƙarshe Bature ya buga wa buhunanmu hatimi ya wuce yana gunaguni. Ni dai sai na ji hawaye na zubo mini, wannan karon ba na barkono ba ne.

Kafin sallar la'asar an saye kayan nan kaf. Matar ce ta fara ɗaukar nata, ta kuma ce in za mu dawo, mai toka take so. Shekaru muka yi muna bin hanyar, har mutanen Zurgu da Rurum suka shigo, aka ƙara da busasshiyar kuɓewa da barkono. Sai dai tun daga ranar, duk tafiya muna ware kwano guda wankakke mu riƙe a hannu, mu fara nuna shi kafin a farke buhu.

Abin da na koya shi ne, kai wa mutum kaya bai isa ba, sai ka haɗa masa da bayanin yadda kake yin abinka, don abin da ka tashi ka gani a gidanku wani bai taɓa jin labarinsa ba. Har yau in na ji ƙamshin wake a wuta sai maƙogwarona ya yi mini ƙaiƙayi, in yi hamdala.

Da na dawo gida na ba mahaifiyata labari, ta saurara har ƙarshe tana riƙe da haɓa. Ba ta tambayi teku ba, ba ta tambayi jirgi ba. Cewa ta yi, "Ikon Allah. Wai su can ba sa hura wuta ne?"

Allah ya jiƙanta. Ba ta taɓa wuce Kano ba, amma tokar murhunta ta ƙetare teku.