Hannunsa Kawai Ya Yarda a Ɗauka

Ina tankaɗen garin tuwo ƙanin Malam ya yi sallama, ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba. Ya ce yayansa ya faɗi a Ƙofar Doka wajen sayen zare, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Na ajiye rariyar a ƙasa. Abin da nake tunawa ke nan na wannan rana.

Malam mijina ne, aikin babbar riga yake yi da hannu a zauren gidanmu na Ƙofar Kibo. Ba ya son hoto. Na katin shaida ma sai da aka yi ta fama da shi, kuma ya koɗe har ba a gane mutumin da ke ciki. A ɗakina babu hotonsa ko ɗaya.

A shekarar da zai rasu, ɗan maƙwabcinmu mai karatu a jami'a ya fara zuwa zauren da kyamara a wuya. Irin samarin nan ne da ke yawo cikin birni suna ɗaukar abin da mu ba mu ɗauka a bakin komai ba: tsagaggiyar katanga, mai waina a gaban tanda, akuya a kan ganuwa. Tun farko hankalina bai kwanta da shi ba. Na ce wa Malam, wanda zai tsuguna yana ɗaukar kwata, akwai inda yake kai ta. Ya yi dariya, ya ce saurayin yana da ladabi, kuma sun yi sharaɗi: hannu da allura kawai, ban da fuska.

Ina cikin takaba babbar 'yata ta miƙo mini wayarta. Hannuwan Malam ne a kan farar shadda, allura ta shiga rabi. Na gane tabon da ke babban yatsansa. A ƙasa an yi rubutu da Turanci, mutanen da ba su taɓa saninsa ba suna ta yabawa. Na daɗe ina kallo, sai na ga wani abu fari can sama a gefen hoton. Ƙarshen gemunsa ne. Na ce a raina, wanda ya kamo gemu, fuska ba ta yi masa nisa ba. Yanke ta ya yi.

Na aika aka kira saurayin. Ya tsuguna a zaure, ni ina bayan labule.

"Mama, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Wa ya ce ka sa hannunsa a waya?"

"Shi ya ba ni izini. Cewa ya yi in dai hannu ne, in kai shi har Legas, ko zai samo masa masu sayen riga."

Maganar ta yi kama da ta Malam. Amma duk wanda ya zauna da shi zai iya ƙirƙiro irinta.

"Gemun fa? Shi ma hannu ne?"

Ina jin yana murza igiyar kyamarar.

"Sunkuyowa ya yi daidai lokacin da na danna."

"Sauran fuskar tana ina?"

"Hotunan suna da yawa a kwamfuta, Mama, ban gama dubawa ba."

Bai ce akwai ba, bai ce babu ba. Na lura da wannan.

Na kira shi ne don in ce ya goge. Haka Malam zai so, kuma mamaci ba shi da bakin kare sharaɗinsa sai ta wurin wanda ya bari. Amma autanmu bai yi wayon da zai riƙe kamannin ubansa ba. Ni kaina a 'yan kwanakin nan in na rufe ido, muryar ce ke zuwa, fuskar sai na yi ta nema.

Ya miƙe zai tafi, sai ya tsaya.

"In na samu, in goge ko in kawo miki?"

Yadda ya yi tambayar, ban ji kamar mai shirin nema ba ne. Na ce ya tafi, zan aiko.

Na fita takaba tuni. Yakan wuce ta ƙofar gidanmu da kyamararsa, in mun haɗu ya rusuna ya gaishe ni, ba ya tayar da maganar. Ban san ko jira yake ba, ko ya riga ya nuna wa wasu. Rigar da Malam bai ƙarasa ba tana cikin akwati da allurar a jiki. Har yau ban aika masa da amsa ba.